Ranar Fizge Waya

Maigida bai san kwamfuta ba, kuma bai taɓa yin kamar ya sani ba. Abin da ya sani kwali ne. Kamfaninsa na kai saƙo ne: ka kawo kayanka kanta, a auna, a buga sitika a manna, ka koma gida ka miƙe ƙafa, gobe ko jibi kayan na hannun wanda ka aika wa. Sitikar ba ta ɗauke da suna, ba ta ɗauke da adireshi, lamba ce kawai da wasu baƙaƙen layuka. Sunan mai kaya da inda za a kai duk suna cikin babbar kwamfutar da ke ƙaramin ɗaki a bayan sito, ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a ginin, abin da ya sa direbobi ba sa rasa dalilin leƙa shi.

To, watan jiya wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Batirin ajiyar wuta da ake taƙama da shi ya yi tari ya mutu. Da aka tayar da kwamfutar sai ga kwalaye a sito da sitika a jikinsu, ana haska su da na'urar karanta sitika tana cewa ita ba ta taɓa ganinsu ba. Ma'aikata suka sa musu suna marayu. Cikin marayun har da na Mai Magani, dillalin magunguna wanda kayansa kaɗai kan cika mota. Sai da aka yi ta buga waya ana tambayar mutane, kamar masu cigiyar akuya, kafin kowane kwali ya sami ubansa.

Mai Magani ya zo da kansa. Bai ɗaga murya ba, bai kuma zauna ba.

"Ni da kai mun daɗe," ya ce wa Maigida. "Amma magani ba takalmi ba ne. In ya kwana inda bai kamata ba, wani ne can zai kwana babu shi. In aka ƙara, tsallake titi zan yi da kayana."

A tsallaken titin kuwa akwai wani sabon kamfani mai fenti ja, wanda yaransa ke tsayawa a bakin ƙofa suna murmushi ga duk wanda ya gaji da layin Maigida. Don layin ma wani ciwo ne. Tsohuwar kwamfutar ta tsufa, kafin ta fitar da sitika ɗaya mutum ya gama ba da labarin ciwon gwiwarsa.

Maigida ya sayi sabuwa. A ransa magana ta ƙare. Ashe nan ta fara, domin sabuwar kwamfuta fanko take zuwa, kamar sabon sito ba kanta ba komai. Sai an zaɓa mata tsarin da za ta riƙa jera bayanai a kan faifai, kuma in an zaɓa aka zuba kaya, sauyawa sai an kwashe komai. Masu zaɓin su biyu ne, duk 'yan gida: Auta, 'yarsa, wadda ke riƙe da ɗakin kwamfuta, da Dogo, ɗan ƙanwarsa, wanda ya rubuta manhajar da ake aiki da ita a kanta. Taubasai ne, tun suna rarrafe ba su taɓa yarda da juna kan ko ruwan sha ba.

Maigida ya tara su a ofishinsa, ya tura musu kujeru da ƙafa.

"Kowa ya faɗa min nasa da Hausar 'yan dako. Wanda ya sa min turanci ya fita."

Dogo ya fara, don shi ba ya jiran a ce bismillah.

"Kawu, nawa tsarin kamar lebura ne mai zafin nama. In aka ce ya gyara bayani, wurin da bayanin yake zai je ya gyara shi nan take. Kafin ya taɓa, yakan ɗan rubuta niyyarsa a gefe, ko da wani abu ya faru a san inda ya tsaya. Na gwada shi da rumbun bayananmu. Wallahi firinta ce za ta gaji, ba shi ba."

"Ke fa?"

"Nawa ba ya rubutu a kan tsohon rubutu, Baba. Sabon wuri yake nema ya rubuta, sai ya tabbatar ya zauna sannan ya saki tsohon. Kuma kowane guntu yana buga masa hatimi, in faifai ya ɓata ko ɗigo ne zai gane. Wuta ta ɗauke ko kada ta ɗauke, ko dai sabon ka tarar ko tsohon, ba za ka tarar da rabi da rabi ba."

"Faɗa masa saurinsa, Hajiya Hawainiya," in ji Dogo.

"Kai faɗa masa abin da ka kashe a naka kafin ya yi wannan gudun."

Dogo ya sosa ƙeya yana dariya. "Jira ne kawai na kashe, Kawu. Akwai wani umarni da ke sa tsarin ya tsaya sai faifai ya ce masa rubutu ya zauna. To ga sabon batiri an saya, ga janareta, jiran me?"

"Wancan batirin ma sabo ne ranar da aka saya shi," in ji Auta.

Maigida ya dube su. Ya daɗe yana sayen motoci a hannun dillalai, ya san mai gaskiya da mai ƙarya duk da ƙarfin zuciya suke magana, ba a rarrabe su da kunne. Waɗannan biyun kuwa ba mai ƙarya a cikinsu, kowa ya yarda da abin da yake faɗa, wanda shi ya fi wuya.

"Yaya za a yi in gani da idona?"

Auta ta gyara zama, da alama wannan tambayar take jira. "A fizge waya, Baba."

"Wace waya?"

"Ta wutar kwamfutar. Ana tsakiyar aiki, ba sanarwa. Sai a tayar da ita a ga abin da ya rage."

"Sabuwar? Wadda ko ledar jikinta ba a gama cirewa ba?"

"Ita. In ba mu fizge ba, masu wuta za su fizge mana, kuma su ba sa duba ko kayan wa ke kanta."

Ya dubi Dogo yana sa ran ya ƙi. Dogo ya ɗaga kafaɗa. "A fizge mana. Ni tsoron me nake?"

Maigida ya ji abin har cikin haƙarƙarinsa, amma ya ce to.

Ranar hutu suka yi, da hantsi, ƙofar gaba a rufe. An sayo faifai biyu iri ɗaya tare da kwamfutar, kowa ya ɗauki guda ya shimfiɗa tsarinsa, ya zuba kwafin bayanan kamfani. Aka kira ma'aikatan kanta, aka tara musu kwalaye fanko daga sito. Aikinsu su shigar da sunayen ƙarya da sauri kamar ranar cunkoso, duk sitikar da ta fito su manna. Dokar manhajar Dogo kuwa sananniya ce: firinta ba ta fitar da sitika sai rumbun bayanai ya ce ya ajiye. Ke nan duk kwalin da ke da sitika, an yi masa alkawari. Birki, babban direba, shi aka ba na'urar haskawa, don shi ba ya goyon bayan kowa sai cikinsa.

Da faifan Dogo aka fara. Gaskiya abin kallo ne. Firintoci suka riƙa tofar da sitika kamar masu jin haushi, 'yan kanta suna dariya suna kasa mannawa. Dogo ya tsaya ya rungume hannu yana kallon Auta ta gefen ido.

Maigida ya shiga ƙaramin ɗakin, ya sunkuya, ya kama wayar da ke soket ɗin bango, ya rufe ido ya fizge.

Ba abin da ya faru. Fitilu na ta ƙyaftawa, firintoci na ta aiki, sai wani ƙaramin kuka daga ƙarƙashin tebur.

"Ka gani, Kawu?" Dogo ya ce daga ƙofa. "Ko gezau."

"Batirin ka gwada, Baba," in ji Auta. "Ta bayan kwamfutar za ka cire, baƙar nan mai kauri."

"Ai sai ku faɗa tun farko. Kun sa tsoho ya rufe ido a banza."

Ya mayar da ta bango, ya miƙe, ya tsaya yana yi wa Birki tambaya kan tayar motar da ta fashe, har kowa ya saki jiki. Yana tsakiyar magana ya miƙa hannu baya ya zare baƙar wayar. Ɗakin ya yi tsit. A kanta wata ma'aikaciya ta ce, "Af."

Aka mayar da waya. Kwamfutar ta tashi lafiya lau, ba gunaguni, rumbun bayanai ya buɗe. Dogo ya buɗe hannuwa kamar mai jiran tafi.

"Tashi ba shi ne magana ba," in ji Auta. "Birki, bismillah."

Birki ya fara haskawa daga kwalayen farko. Ƙit, ta san shi. Ƙit, ta san shi. Ya yi nisa sosai, har Maigida ya fara tunanin yadda zai lallashi 'yarsa. Da ya iso na ƙarshe-ƙarshe sai na'urar ta sauya kuka. Birki ya ture kwalin gefe da ƙafa. Na gaba ma haka. Na gaba ma. Kafin ya gama, tarin da ke gefe ya kai masa gwiwa.

"Dogo," ya ce, "ka zo ka ɗauki 'ya'yanka."

Dogo ya zo ya karɓi na'urar ya haska da kansa, kamar hannun Birki ne ke da laifi. Sai ya ajiye ta a hankali.

"Rumbun ya ce ya ajiye, alhali abin na hanya bai kai faifai ba," ya ce. "Jiran nan da na kashe ne. Na ji, Kawu."

"Ban ce komai ba."

"Ai shirun naka ya fi magana ciwo."

Auta ba ta yi dariya ba, amma yadda ta ɗauki faifanta ta nufi ɗakin, ko sarauniya albarka. Aka sauya, aka ɓare tsofaffin sitiku, aka sake farawa. Wannan karon firintoci suka riƙa ɗan numfasawa tsakanin sitika da sitika. Ya fi tsohuwar kwamfuta nesa ba kusa ba, amma wanda ya ga gudun ɗazu dole ya ji bambanci.

"A kawo wa 'yan kanta matashi," in ji Dogo, "su ɗan rintsa kafin ta gaba ta fito."

"Gara su rintsa da su yi renon marayu."

Maigida ya riga ya gano daɗin aikin. Ya yi kamar zai fita shan iska, ya kai ƙofa, ya juyo da sauri irin wanda ba a zata daga mai tumbi ba, ya zare wayar.

Aka tayar. Birki ya haska, ya haska, ya haska. Auta ta jingina da bango tana duba farcenta. Saura kwali biyu na'urar ta yi wancan kukan.

Birki ya dubi na'urar, ya dubi Auta, ya sake haskawa. Kukan bai sauya ba. Na ƙarshen ma haka.

Maigida ya lura Dogo ya buɗe baki, ga tsokana ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta. Auta ta zo ta tsuguna gaban kwalayen biyu, ta daɗe tana kallonsu.

"Ba zai yiwu ba," ta ce. "Nawa yana jira. Ban kashe komai ba."

"Biyu ne kawai," wata 'yar kanta ta ce don ta sanyaya mata.

"Marayun Mai Magani ma ai ba su da yawa rannan," in ji Maigida.

Ya zauna kan wani kwali mai ƙwari. A ransa ya ga jan fentin tsallaken titi. Ya sayi sabuwar kwamfuta, ya sayi batiri, yana da masana biyu a gida, kuma duk da haka sitikarsa na iya yin ƙarya. Bai nuna a fuska ba. Mai kamfani in ya nuna tsoro gaban ma'aikata, gobe kowa da takardar neman aiki a aljihu.

"Ku biyun ku shiga ɗakin can," ya ce. "Kada wanda ya fito sai da amsa. Birki, a samo wa mutane abin taɓawa."

Ta gilashin ƙofar yana hango su. Da farko kowa na nuna wa ɗan'uwansa allo da yatsa. Can sai ya ga sun ja kujera ɗaya sun matsu a kai, Dogo na bugawa Auta na karantawa. Daga baya Auta ta zaro faifan Dogo daga kan tebur tana juya shi, tana karanta ƙananan rubutun bayansa. Rana ta take tsaka kafin su fito, kuma tare suka fara magana har sai da ya ɗaga hannu.

"Ɗaya bayan ɗaya. Auta."

"Faifan ne, Baba. Yana da wani ɗan aljihu nasa na kansa. In aka miƙa masa rubutu sai ya sa a aljihun, ya ce ya ajiye, sai ya sami sarari ya kai ciki. Tsarina yana tambayarsa, ya zauna? Shi kuma yana cewa ya zauna. In wuta ta ɗauke, abin da ke aljihun ya tafi."

"Wato kamar yaron mota da za ka ce ya loda, ya ce an loda, alhali kayan na kansa."

"Haka. Kuma ba duk faifai ke wannan hali ba. Masu tsadar suna da 'yar wutar ajiya da ke isarsu su juye aljihun. Namu ba shi da ita, kuma ba ya faɗin gaskiya."

"A mayar wa mai shago?"

"Ba sai an kai can ba, Kawu," in ji Dogo. "Ana iya ɗinke aljihun. Mun ba shi umarni ya daina amfani da shi, kuma mun sa umarnin ya riƙa maimaituwa duk tashin kwamfuta. Zai rage gudu. Amma in ya ce ya zauna, ya zauna."

"Wa ya gano?"

Suka dubi juna.

"Ita ta ce a zargi faifan," in ji Dogo.

"Shi ya san umarnin," in ji Auta, kamar ana cire mata haƙori.

Aka koma fagen fama. Faifan Auta da aljihu a ɗinke: Maigida ya fizge, ba maraya. Ya sake fizgewa ana fara aiki, ya sake ana tsakiya, ya sa Birki ya fizge, ya fizge yana waya da ƙanwarsa uwar Dogo tana tambayar ko ɗanta ya ci abinci. Ba maraya ko ɗaya. Sai dai numfashin firintocin ya ƙara tsawo, har 'yan kanta suka fara kallon juna.

Maigida ya ɗauka an gama. Yana shirin cewa a bar na Auta a sha haƙuri da layi, sai ita da kanta ta ce, "A sa na Dogo. A kunna masa jiran, a ɗinke aljihun."

"Ke da kika ci?"

"Ban ci ba tukuna, Baba. Ba a gwada nasa da birki ba."

Birki ya ɗago kai. "Ni?"

"Ci abincinka."

Aka sa. Gudun bai kai na safe ba, wancan gudun ƙarya ne dama, amma ya fi na Auta a fili, ko makaho ya ji a kunne. Maigida ya fizge. Ya sake. Ya yi ta fizga har kafaɗarsa ta fara ƙorafi, yana neman ya kama tsarin ɗan ƙanwarsa da laifi don kada 'yarsa ta sha kunya sau biyu a yini ɗaya. Bai kama ba. Gefen da ake ture marayu ya zauna wayam.

Ya dubi Auta. Ita ke riƙe da ɗakin, bakinta za a ji.

"Nasa za a sa," ta ce. "Rumbun bayanan da kansa yana rubuta komai sau biyu don tsaro, nawa kuma yana ƙara nasa a kai, aikin ya yi yawa. Nawa zan sa a tsohuwar kwamfuta, can za a riƙa ajiye kwafi, can hatimin zai yi amfani. Amma da sharaɗi. In na ƙara jin an kashe jiran nan, ko da wasa, zan karɓe makullin ɗakin daga hannun kowa."

"Na ji, Hajiya Hawainiya."

"Kuma duk faifan da aka sayo nan gaba, sai Baba ya fizge masa waya kafin a zuba masa kaya."

"Wannan kam ko ba ku kira ni ba zan zo," in ji Maigida.

Washegari da safe ya aika a kira masa Mai Magani. Auta ta biyo shi har bakin sito.

"Baba, me za ka yi?"

"Abin da kuka koya min."

"Da kayan gaske?"

"Rannan ba ke kika ce masu wuta ba sa duba kayan wa ke kanta ba? Ko akwai abin da kika ɓoye min?"

Ta girgiza kai. "Babu."

"To."

Mai Magani ya iso tare da motar kayansa. Aka fara sauke kwalaye ana aunawa ana manna sitika, layi na tafiya har ya tsaya yana kallo. Maigida ya ja shi zuwa ƙaramin ɗakin, ya nuna masa baƙar wayar mai kauri.

"Wannan ce ran kamfanin nan. Duk lokacin da ka ga dama, cire ta."

"Kai, ka san abin da kake faɗa? Kayana ne a kanta."

"Shi ya sa na kira ka, ban kira mai takalma ba."

Mai Magani ya dube shi, ya dubi Auta da Dogo da ke tsaye a ƙofa. Shi ma tsohon ɗan kasuwa ne. Ya sa hannu a aljihu ya fara tambayar lafiyar iyali, ya tambayi ciwon bayan Maigida, ya tambayi ko har yanzu Birki na cin rabon mutum uku. Yana cikin dariyar amsar ya zare wayar.

Kanta ta yi tsit. Mutanen layi suka fara gunaguni. Dogo ya mayar da waya, kwamfutar ta tashi, aikin kanta ya ci gaba. Maigida ya karɓi na'urar haskawa daga hannun Birki ya miƙa wa Mai Magani.

"Da hannunka."

Ya bi kwalayensa ɗaya bayan ɗaya, ba ya gaggawa, yana karanta sunan kowane asibiti da kowane shago a allon na'urar. Na ƙarshen, wanda sitikarsa ta fito daf da ɗaukewar wutar, ya haska shi sau biyu. Sannan ya ajiye na'urar kan kanta ya kakkaɓe hannu.

"Akwai wata mota da rana," ya ce. "Na sanyi ne, kada a bar su a waje."

"Birki, ka ji."

Mai Magani ya kai ƙofa ya juyo, ya nuna Auta da Dogo da haɓa. "Ni ma akwai irin wannan kwamfutar a sitona. Wanne daga cikinsu zan ara?"

"Ba a ɗaukar ɗaya," in ji Maigida. "Sai dai ka kwashi duka biyun, ka kuma tanadi maganin ciwon kai."